Allon da Aka Cire daga Ƙofar Malam

Ni ba mai fita ba ce. Duk zaman da muka yi a Alƙahira, in ka cire kasuwar kayan miya da ke bayan layinmu a Darrasa da gidan maƙwabciyata mai gasa burodi, babu inda zan bugi ƙirji in ce na sani. Karatuna ma a firamare ya tsaya. Amma Allah ya ba ni kunne. Larabcin da nake ji a bakin taga na tsince shi, daga matan bene in suna cacar baki a kan igiyar shanya. Saboda haka abin da zan faɗa ba labarin an ce ba ne, da kunnena na ji.

Maigidana, wanda nake kira Malam, da ya gama karatu a jami'ar da ke kusa da mu bai koma gida ba, sai ya samu aiki a wata makarantar kuɗi a unguwar Ma'adi. Aikinsa shi ne nemo ɗalibai daga cikin mutanenmu: 'ya'yan ma'aikatan ofishin jakadanci, da na 'yan kasuwa, da na waɗanda suka zo jinya zama ya kama su. Shi zai yi wa iyaye bayani da Hausa ko Turanci, ya zaga da su azuzuwa, ya karɓi takardun yaro ya miƙa a ofis. Iyakarsa ke nan.

Shekarar da gari ya hargitse aka sauke shugaban ƙasa, Turawa da sauran baƙi suka kwashe 'ya'yansu suka yi gaba. Azuzuwa suka zama wayam. Mai makarantar, wata Bamisiriya da kowa ke kira Madam, mace ce mai ido. Ta lura mutanenmu ba sa sakin jiki da ƙaramin ma'aikaci, sai sun ga babba sun zauna a gabansa an kawo musu shayi. Sai ta sa aka buga allon tagulla, aka rubuta Mudir da Larabci, a ƙasa Darakta da Turanci, mai kula da karɓar ɗalibai baƙi. Aka ɗaura shi a ƙofar wani ɗaki a sama, aka ce wa Malam bisimilla. Albashi yana nan inda yake, amma ga kujera mai juyawa.

To kun san mu. In mutum ya samu muƙami, sunan da aka raɗa masa ranar suna ya mutu ke nan. Kafin wata ya zagayo, duk ɗaliban Darrasa sun koma kiransa Darakta. Ni da ban taɓa taka Makka ba na wayi gari Hajiyar Darakta. Har mai yi masa aski, wani Basudane mai jin Hausa, in ya gan shi sai ya karkaɗe kujera yana cewa, “Yalla, ku matsa, gwamnati ta iso.” A lokacin kuwa duk yaron da Malam ya kawo ɗauka ake yi, tunda kujeru na neman mai zama. Har shi kansa ya fara ɗauka maganarsa ce ke buɗe ƙofar.

Ya tsaya a jikin allon aka ɗauke shi hoto, ya aika gida wa Yaya. Yaya ita ce babbar yayarsa, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta lokacin da zai taho karatu. Ta sa aka wanke hoton babba ta rataye a falo. Daga ranar, ko a waya ba ta ƙara kiransa da wani suna ba sai Darakta, kuma yadda take jan kalmar kamar tana tsotsar alewa.

Autar Yaya ta gama ƙaramar sakandare, yarinya mai kai, ba ta da magana sai ta zama likita. Yaya ta bugo waya ta ce, “Darakta, ga 'yarka nan zan turo maka. Ka sa ta a makarantarka.”

Ina zaune kusa da shi ya ce, “Yaya, ai wannan an gama. Ki turo ta kawai.”

Da dogon hutu Auta ta iso tare da wata 'yar kasuwa. Mu Allah bai ba mu mace ba, sai na ji kamar an ajiye min tawa. Tare muke tsinkar mulukhiya, wadda dai lalo ce ta canza suna da ta zo birni, muna tuƙa tuwon shinkafa tana tambayata, “Anti, in za ki ce wa mai tumatir ya yi tsada me za ki ce?” In na faɗa mata sai ta maimaita har da murguɗa baki irin na matan bene, in yi ta dariya har miya ta kusa ƙonewa. Takalmin makaranta kuwa tun kafin a ce ta saya ta sa na raka ta muka saya, ta ajiye shi ƙarƙashin gado a kwalinsa.

Wata rana Malam ya dawo tun kafin la'asar, riƙe da baƙar leda. Bai nemi abinci ba. Ya ɗora ledar a saman kwaba ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ni kuwa ba na iya ganin abu a rufe. Na taka kujera na sauko da ita, sai ga tagulla tana ƙyalli, har da kusoshinta a ƙulle a takarda.

Na ce, “Malam, ba allon ƙofarka ba ne wannan? Gyara za a yi masa?”

Ya ce, “Shi lafiyarsa ƙalau. Ni aka gyara.”

Sai da na zauna a bakin gado na yi ta lallashi sannan ya buɗe baki. Ashe masu duba makarantu ne suka zo daga hukuma, suka bi ƙofa ƙofa suna karanta abin da aka rubuta suna tambayar mai ɗakin aikinsa. Da suka zo kansa ya faɗa musu gaskiya. Suka ce ƙa'ida ta hana. Wanda aikinsa nemo ɗalibai da magana da iyaye, ba a kiransa darakta, ba a kiransa mai ba da shawara, don kada iyaye su zaci shi ke yanke hukunci. Sunansa mandub, wato wakilin makaranta. Mai sa hannu a ɗauki yaro sai wanda ke da shaidar koyarwa da rajista a wurinsu, shi ma sai kwamiti ya zauna. Kuma mandub ba ya taɓa takardun ɗan uwansa.

Na ce, “To ita Madam me ta ce? Ba ita ta buga allon ba?”

“Ta ce ma'alish.”

Ma'alish, wato yi haƙuri! Kalmar da in mota ta take maka ƙafa a garin nan ita za a ba ka a madadin magani. Ɗakin kuma aka ba wata matashiyar malama mai shaida da rajista, wadda Malam ne ya nuna mata inda ake ajiye fayil lokacin da ta zo sabuwa. Shi aka sauko da teburinsa ƙarƙashin matakala, dab da bencin bawwab, mai gadin ƙofa.

Ba zan ce ƙa'idar nan ƙarya ce ba. In aka ce akwai iyayen da allo zai ruɗa, ai mun san guda, hoton na rataye a falonta. Abin da ke ci min rai shi ne wadda ta ƙirƙiro sunan don ta cika azuzuwanta ko gezau ba ta yi ba. Ga shi a lokacin baƙi sun fara dawowa, kujeru sun yi kaɗan, Madam ta daina buƙatar Darakta tun kafin hukuma ta zo.

Na ce, “Malam, ka kira Yaya ka gaya mata.”

Ya ce, “Da wane baki? Matar da ta tara maƙwabta ta nuna musu hoto? Ki bari yarinyar ta shiga tukuna, sai in faɗa mata a hankali. Kuma na haɗa ki da Allah, kada ta ji a bakinki.”

Takardun Auta ya miƙa wa malamar nan, ya gaya mata 'yar yayarsa ce, ya janye hannunsa kamar yadda aka ce. Auta ta yi jarrabawa. Lissafi da Turanci ta cinye su, Larabci ne ya ja ta baya, aka sa ta cikin masu jira, aka ce kwamiti zai sake zama bayan an buɗe makaranta. Duk safiya sai ta leƙa ta taga tana kallon yara masu kayan makaranta, ta dawo ta ɗauki tsintsiya ba tare da an sa ta ba. In Yaya ta bugo, Malam ya ce, “Ana kan yi.”

Ana cikin haka Yaya ta iso da kanta, ciwon gwiwa ya kawo ta asibiti. Ta zo da jakunkuna, ga kilishi, ga yaji, ga kuka, ga turaren wuta. Gida ya cika da Darakta: Darakta ka ci abinci, Darakta ka rame, Darakta ina direbanka. Duk kira ɗaya sai in ga wuyan Malam ya ƙara shigewa cikin riga. Da ta huta ta ce, “Wai me ya hana yarinyar nan fara zuwa?”

Ya ce, “Kwamiti ake jira, Yaya.”

“Kwamiti ya fi Darakta ne?”

Ya duba agogo ya ce za a tayar da salla, ya zari hularsa.

Yaya ta bi ƙofa da kallo ta gyaɗa kai. Ta ce min, “Na gane. Kara ce. Tun yana yaro haka yake, ya roƙa wa kowa amma ban da nasa. Ai babba ba ya buɗe baki a kan 'yarsa, sai wani ya je ya kama masa ƙafa. Gobe ki shirya ki kai ni wurin uwar ɗakin nasa in gaishe ta.”

Na ce, “Yaya, da mun bari Malam ya sani.”

“In ya sani ai hanawa zai yi. Ke dai ki yi min tafinta.”

Yayar miji irin wannan uwar miji ce, ba a ja da ita. Ga kuma rantsuwar da aka ɗaure min baki da ita. Da safe bayan fitarsa na faki idonta na kira wayarsa, ba ta shiga ba, ashe an aike shi Wustul Balad, can tsakiyar birni, yana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Maganar gaisuwar kuwa ban ga aibunta ba. A garin da ko wanda ya nuna maka hanya sai ya miƙo hannu, wa zai ce min turare zai zama laifi?

Muka ɗauki tasi saboda gwiwarta. Yaya ta sha leshi da gyale, ta cika jaka da turmin atamfa mai tsada, da kwalbar turaren wuta, da kilishi mai yawa. A bakin ƙofar makaranta ta nuna bawwab ta ce, “Ki ce masa iyalan Darakta ne.” Ni dai na ce wa bawwab muna neman Madam, mu 'yan uwan ustaz ɗan Najeriya ne. Ya nuna ƙarƙashin matakala da haɓa ya ce ustaz ɗin ya fita. Tebur ne ƙarami, da kujerar roba, da dardumar salla a naɗe, da filas ɗin shayin da na cika da hannuna da asuba.

Yaya ta tsaya. Ta ce, “Wancan ba filas ɗin gidanki ba ne?”

Na ce, “Shi ne, Yaya.”

Ta kama ƙarfen matakala ta fara hawa tana nishi. A sama muka wuce ƙofar da ke cikin hoton. Wurin da allo ya zauna fentinsa ya fi na sauran haske, ga ramukan ƙusa. Na san ta gani, domin na ji hannunta ya ƙara nauyi a kafaɗata.

Madam ta karɓe mu da fara'a, aka kawo shayi. Malamar nan mai rajista tana gefe da takardu a cinya. Yaya ta gyara zama ta fara. Ta ce in gaya mata ita ce ta raini yaron nan da suke ji da shi, ta gode da riƙon da aka yi masa, kuma ga 'yarsa nan a gida tana zaune, shi kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. Ina juyawa da Larabcina na kasuwa, Madam na murmushi tana cewa tamam, tamam, wato ba laifi. Sai Yaya ta buɗe jaka ta fara jera kaya a kan tebur. Ƙamshin kilishi ya cika ofishin.

Murmushin bai bar fuskar Madam ba, idonta ne ya canza. Ta tura kayan baya da yatsa ta ce a'a, an gode. Yaya ta yi dariya ta sake turawa, ta ce min, “Kin ga mai tarbiyya. Ki ce mata ba yawa.” A wurinmu ai sai an ƙi sau ɗaya sau biyu sannan a karɓa. Madam ta tura, Yaya ta tura, har kwalbar turare ta kusa faɗuwa.

Nan Madam ta karkata wajen malamar ta yi ƙasa da murya, da sauri irin yadda suke yi in sun ɗauka baƙo ba ya ji. Ta ce, “Cire sunan yarinyar. In aka ji 'yan uwan mandub sun shigo da kaya sannan muka ɗauke ta, lasisinmu ne zai tafi.”

Malamar ta ce, “Haram, ya Madam. Ita ce ta gaba a layi, kuma akwai yaron da iyayensa za su tashi ƙarshen wata.”

“Khalas. Na gama magana.”

Sannan ta juyo gare ni tana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai magana da ƙaramin yaro, ta ce ma'alish, bana babu wuri.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Madam, matar nan allo ta gani a hoto ta turo 'yarta. Wa ya buga allon?”

Ta ɗaga kafaɗa ta ce, “Wancan wani zamani ne, habibti.” Ta danna ƙararrawa bawwab ya zo ya kwashe kayan.

Yaya ta ce, “Me ta ce?” Na ce ta ce an gode, amma doka ta hana su karɓa.

Muna saukowa, ga Malam ya dawo yana zaune a kujerar roba yana share gumi. Bawwab ya dire jakar a kan teburinsa ya ce da ƙarfi, “Ya mandub, ga mutanenka, ga kayansu.” Malam ya miƙe tsaye. Ya dubi jakar, ya dube ni, ya kasa duban Yaya. Ita kuwa ta daɗe tana kallonsa, daga hula har takalmi, sannan ta ce min, “Tsayar mana da mota.”

Muka koma Darrasa. Sai da Malam ya dawo da yamma ta sa muka zauna a gabanta. Ta ce min, “Ke, bakin matar nan ya motsa fiye da abin da kika juya min. Ban san Larabci ba amma na san fuska. Faɗa min duka.” Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai, na faɗa, har da maganar cewa Auta ce ta gaba a layi. Shi kuma ya tashi ya sauko da baƙar ledar ya ajiye a gabanta, ya yi bayanin ƙa'ida da kwamiti da rajista.

Yaya ba ta taɓa allon ba. Ta ce, “Lokacin da na sayar da kekena, darakta na ce ka zama? Ko ɗan dako ka zama a garin nan ai ƙanena ne. Da ka ce min ga yadda ake ciki, da na zauna a ɗaki na ja carbi, yarinya ta shiga ƙarshen wata. Amma ka yi shiru, ka bar ni na ja ƙafata mai ciwo na hau bene, na je da hannuna na rufe wa 'yata ƙofa.”

Daga kicin muka ji ƙarar murfin tukunya ya faɗi. Auta ce. Ba ta fito ba, ba mu kuma ji kukanta ba, sai famfo da ta buɗe ta bar shi yana zuba.

Malam ya yi ta zarya bayan nan. Ya koma wurin Madam ya roƙa, ta ce in ya ƙara tayar da maganar shi ma teburinsa zai tafi. Ya bi wasu makarantu, waɗanda ya isa ya shiga sun cika, zangon karatu ya yi nisa, ga izinin zaman yarinya ya kusa ƙarewa. Da likita ya sallami Yaya ta ce a haɗa tikitinta da na 'yarta. Ranar tafiya Auta ta jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado ta miƙa min ta ce, “Anti, ki ba wata.” Na ce ta tafi da shi, ai a gida ma ana makaranta. Ta ce ya matse ta. Ƙarya take yi, ni na gwada mata shi a shago.

Jakar gaisuwa Yaya ba ta koma da ita ba. Kilishin na rarraba wa ɗalibai, suna ci suna sa wa Darakta albarka, don su har muka bar garin ba su daina kiransa haka ba, kuma bai taɓa samun bakin da zai hana su ba. Turaren kuwa na kasa ƙonawa.

Yaya ba ta yanke zumunci ba, ba irinta ba ce. Duk Juma'a tana bugowa, amma wayata take kira. Ta tambayi yara, ta tambayi sanyin Masar, ta ba ni labarin Auta da makarantar da ta shiga a gida. Malam yana zaune a gefe da littafi a buɗe, ba ya juya shafi. In za ta ajiye sai ta ɗan yi jim, kamar mai laluben abin da za ta kira shi da shi, sannan ta ce, “To, ki gaida mutumin gidan.”